Ba Kowane Farin Gari a Ka Ne Amosani Ba

Da zarar iskar hunturu ta keto iyakar Nijar ta wajen Babura ta gangaro Kazaure da Roni da Gwiwa, masu kemis kan samu wani ciniki bayan na mura da tari, wato na masu neman maganin ƙaiƙayin kai. Uwa za ta shigo riƙe da hannun ɗanta ɗan shekara bakwai, ta ture masa hula, ta nuna wani fili mai toka-toka a tsakar kai inda gashi ya kakkarye, ta ce, “Malam, amosani ne ya matsa masa, a taimaka mana da na shafawa.” A bayanta ga magidanci yana karkaɗe farin gari daga kafaɗar rigarsa, shi ma abin da ya kawo shi ke nan. Sau da yawa ɗan kwalin man shafawa iri ɗaya ake miƙa musu, kowa ya biya ya kama gabansa. A ganina cikin wannan ciniki na minti biyu ɓarnar take, domin yaron da magidancin ba ciwo ɗaya ke damun su ba. Na magidancin ba ya yaɗuwa, ba ya kuma rabuwa da mai shi kwata-kwata, sai dai a riƙa danne shi da sabulun wanke kai mai magani. Na yaron kuwa galibi makero ne, wanda in ya fito a ka ake ce masa kora, cuta ce mai yaɗuwa da ke warkewa sarai, amma sai da maganin sha. Mun juya al'amarin: muna nema wa babba warakar dindindin da babu ita, muna kuma lallaɓa cutar yaro wadda ya kamata a tumɓuke ta.

A fara da na manya, tunda shi ya fi yawa. Fatar kan kowane baligi tana fitar da maiƙo, kuma akwai wata ƙwayar halitta dangin yis da funfuna da ke rayuwa a kan wannan maiƙon. Masana na kiranta Malassezia, sunan da aka ɗauko daga na wani masanin Faransa, Louis-Charles Malassez, wanda ya yi bayaninta a 1874. Tana kan mai amosani, tana kan wanda bai taɓa yi ba. Bambancin kawai shi ne fatar wasu ba ta jure ragowar da ƙwayar ke bari bayan ta ci maiƙon, sai ta shiga sauya kanta da gaggawa. Fatar da a ƙa'ida takan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta sai ta koma yin haka cikin 'yan kwanaki, matattun ƙwayoyinta su manne da juna su riƙa zubowa. Kimanin rabin baligan duniya sukan yi fama da shi a wani lokaci na rayuwarsu. Yana farawa ne bayan balaga, lokacin da maiƙo ke ƙaruwa, ya fi damun maza, yana kuma tashi da sanyi da bushewar iska da gajiya da yawan damuwa. In ya yi ƙarfi yakan sauko gira da gefen hanci da bayan kunne da gemu, har tsakiyar ƙirji, kuma a baƙar fata yakan bar wuri ya ɗan yi haske, abin da ke tsorata mutane su ɗauka wata babbar cuta ce. Ba a ɗaukar sa daga wani, don haka matar da ke ware wa mijinta matashin kai saboda amosani tana wahalar banza.

Maganinsa ba ɓoyayye ba ne: shamfu mai sinadarin ketokonazol, irin su Nizoral, ko mai seleniyam salfaid, irin su Selsun, ko mai zinki, waɗanda duk ana samun su a manyan kemis na Kazaure da Kano. Mafi yawan masu cewa sun gwada bai yi musu ba, yadda suka yi amfani da shi ne bai yi ba. Mutum zai zuba, ya cuɗa, ya ɗauraye nan take kamar sabulun wanka, alhali maganin na buƙatar ya zauna a kan fatar, ba a kan gashi ba, kamar minti biyar kafin a wanke. Ana yin haka sau biyu a mako har mako biyu zuwa huɗu, sannan a koma sau ɗaya a mako ko a mako biyu, kuma wanda ya daina gaba ɗaya ya sa ran dawowarsa, wannan ba alamar jabun magani ba ce. Kuskure na biyu ya fi na farko yawa a gidajenmu. Ido na ganin farin gari sai zuciya ta ce bushewa ce, a ɗauko man shanu ko man kaɗe ko man zaitun a laɓta a fatar kai. Garin zai kwanta na kwana biyu, a ce an dace, alhali abinci aka ƙara wa ƙwayar da ke cin maiƙo. Mai ya dace da silin gashi don kada ya karye, musamman irin gashinmu mai saurin bushewa, amma ba da fatar mai amosani ba. Mata suna da ƙarin wahala: kitso kan yi mako uku ko huɗu ba a wanke kai ba, in an wanke kuma a ɗaura ɗankwali da hijabi a kan danshi. Ba sai an yi tsifa kowane mako ba. Ana iya bin tsagar kitso da shamfun da yatsa, a bar shi ya jima, a ɗauraye sosai, a bari kai ya bushe kafin a rufe.

Yaro fa? Nan ne hujjata ta fi ƙarfi, kuma daga jikin ɗan Adam ta fito. Fatar kan yaron da bai balaga ba ba ta da maiƙon da zai ciyar da ƙwayar amosani. In aka cire jarirai, waɗanda kan yi wani ɓawo mai maiƙo a ka a watanninsu na farko ya kuma wuce da kansa, amosani na gaskiya ba kasafai yake kama ɗan shekara uku zuwa goma sha biyu ba. Saboda haka idan aka ga ɗan firamare ko ƙaramin almajiri da farin gari a ka, ga gashi na kakkaryewa ya bar fili zagayayye, wani lokaci da ɗige-ɗige baƙaƙe inda silin ya gutsure daga tushe, ga kaluluwa a ƙeya ko bayan kunne, to a ɗauke shi mai makero har sai ma'aikacin lafiya ya ce ba shi ba ne. Ƙwayoyin da ke kawo shi a Afirka ta Yamma, irin su Trichophyton soudanense da Microsporum audouinii, daga kan mutum suke tsallakawa zuwa kan mutum, akwai kuma 'yan uwansu da ake ɗauka daga kyanwa da kare da ɗan maraƙi, abin lura ga ƙauyukan Gwiwa da Roni inda yaro da dabba ke kwana a gida ɗaya. Wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka, wanda mujallar Mycoses ta buga a 2021, ya ƙiyasta cewa kashi 23 cikin ɗari na yaran nahiyar suna ɗauke da cutar, wato yara kusan miliyan 138. In aka ɗora wannan lissafi a kan aji mai ɗalibai sittin, ana maganar yara goma sha uku ko sha huɗu ne. Duk malamin firamaren da ya taɓa bin layin yara da safe yana duba farce da kai ba zai ce an yi ƙari ba.

Dalilin da ya sa man shafawa ba ya warkar da shi shi ne wurin da cutar ke zama. Makeron hannu ko na wuya a saman fata yake, shafawa na isa gare shi. Na kai kuwa yana bin ramin gashi ya gangara can ƙasa, ya shige cikin silin kansa yana cin sa ta ciki, kamar gara a cikin azara: ko fenti nawa aka shafa wa azarar, garar tana ciki tana aikinta. Ba mu ne muka fara cin karo da wannan ba. A ƙarni na 19 makero ya addabi yaran Turai har asibitin Saint-Louis na birnin Faris ya buɗe makaranta ta musamman a 1886 domin masu cutar, saboda jinyar kan ɗauki shekaru, ana tsige gashi ana shafe-shafe. A 1904 likita Raymond Sabouraud ya daidaita hanyar haska kan yaro da hasken hoton ƙashi don gashin ya zube gaba ɗaya, aka yi ta amfani da ita rabin ƙarni a ƙasashe da dama, kuma daga baya aka gano cewa yaran da aka yi wa haka, kamar dubban da aka haska a Isra'ila tsakanin 1948 da 1960, sun fi sauran kamuwa da sankarar sashen wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo da ƙari a ƙwaƙwalwa. Mutanen da ke da kuɗi da ɗakunan bincike ba za su kai ga wannan kasada ba da a ce akwai man da ke aiki. Abin da ya kawo ƙarshen wahalar ƙwayar magani ce, girisiyofulbin, wadda aka gano tun 1939, sannan a 1958 wani masani a Gilasgo, James Gentles, ya nuna cewa in aka sha ta tana warkar da makero. Jini ne ke kai ta tushen gashi, sabon gashin da ke tsirowa ya fito da kariya, mai cutar kuma ya ƙare. Shi ya sa ake shan ta mako shida zuwa takwas, gwargwadon nauyin yaro, tare da abinci mai maiƙo kamar madara ko nono ko gyaɗa don jiki ya karɓe ta sosai. Akwai kuma tabinafin, wadda ga wasu nau'o'in cutar mako huɗu ke isa. Shamfun amosani yana da amfani a nan ma, sau biyu a mako, amma aikinsa rage yaɗuwa ne zuwa ƙanne da abokai. Yaron da ya fara shan magani ba a hana shi zuwa makaranta.

To mene ne a cikin ɗan kwalin da ake miƙa wa uwar? Galibi man nan ne mai haɗin uku, wanda ya zama ruwan dare a Najeriya: maganin funfuna kaɗan, maganin ƙwayar bakteriya, sai kuma sitiroyid mai ƙarfi irin betametason ko kulobetasol. Na ukun shi ne sirrin farin jininsa. Yana kashe ƙaiƙayi da kumburi cikin kwana biyu, uwa ta yi godiya, mai kemis ya samu yabo. Amma abin da ya kashe ɗin faɗan da jiki ke yi da cutar ne, ita kuwa sai ta samu sarari ta bazu, ta kuma sauya kama har ma'aikacin lafiya ya kasa gane ta in an je asibiti daga baya. In aka daɗe ana shafawa fata takan yi siriri ta yi haske, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba tsotse sinadarin. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Bayan shekaru ana sayar da irin waɗannan mayuka barkatai, wani nau'in makero mai taurin kai ya ɓulla a can, wanda masana suka raɗa wa suna Trichophyton indotineae a 2020, sau da yawa ba ya jin tabinafin, kuma an riga an same shi a Turai da Amurka. Ga babba mai amosani mai tsanani likita kan rubuta sitiroyid marar ƙarfi na 'yan kwanaki, wannan daban. Abin da ba shi da hujja shi ne a mai da haɗin uku amsar kowane ƙaiƙayi.

Za a ce, kuma dattawa sukan ce, kora ai ciwon yara ne, kowa ya yi, yana balaga za ta tafi. Akwai gaskiya a ciki, kuma gaskiyar ta dace da abin da na faɗa a baya: maiƙon da balaga ke kawowa yana hana ƙwayar makero sakat, don haka yawanci takan ja da baya da kanta. Sai dai a duba abin da ake nufi da jira. Yaron da ya kamu yana ɗan shekara shida zai yi shekara shida ko bakwai yana susa, yana rabawa ƙannensa da 'yan ajinsu. Wasu kuma ba sa kaiwa balaga lafiya: kan ya kumbura ya yi tudu mai taushi yana tsatsar mugunya, gashin wurin ya riƙa fita da an taɓa. Ana ɗaukar wannan maruru ne a kai wa wanzami ya tsaga, ko a yi ta bai wa yaro kafso, alhali ba tsagawa yake so ba, maganin makeron nan na sha ne maganinsa. In an makara, ramukan gashin sun mutu, tabon ya zauna har abada. Yarinyar da ta tashi da fili a tsakar kai ta san abin da za ta ji a bakin makitsiya da ƙawaye har ranar aurenta. Ga kuma fatar da aka sosa ta yage, ƙofa ce ga wasu ƙwayoyin da kan kawo gyambo, a wasu yaran ma har ciwon ya taɓa ƙoda. Cutar da mako takwas ke warkarwa ba ta cancanci a ba ta shekara bakwai ba.

Za a kuma ce muna da namu magungunan, kuma sun fi araha. Ban raina su duka ba. Sabulun salo da karkashi suna wanke kai tas, suna cire ɓawo da dauɗa, kuma wanke kai a kai a kai rabin maganin amosani ne. Ganyen darbejiya da lalle da tafarnuwa an ga suna hana wasu ƙwayoyin funfuna girma a ɗakin gwaji. Amma matsalar da ta kayar da man kemis ita ce ke kayar da su: ba sa shiga cikin silin gashi. Abin da ke sa a yi zaton sun yi aiki shi ne an yi wa yaro aski ƙwal, an wanke ɓawon, kai ya yi kyau na mako biyu, gashi na tsirowa kuma filin ya dawo. Akwai kuma waɗanda ba su da wani uzuri ko kaɗan: ruwan batir, baƙin man inji, kananzir, dakakkiyar tafarnuwa da ake ɗaurewa a kai ta kwana. Waɗannan ƙuna suke yi, kuma tabon da ake ɗora wa kora laifinsa sau da yawa nasu ne.

Kowa ya san yadda rumfar aski take a jajibirin Sallah. Yara sun yi layi a kan benci, janareta na ƙara, kilifa ɗaya ce ke bin kai ashirin ko talatin. Tsakanin kai da kai mai aski zai buga ta a tafin hannu, ya share da ɗan buroshin da shi ma ya sha kawuna, in ya kyauta ya fesa sifirit ko ya gilma mata wutar laita na daƙiƙa biyu, ya ce, “Na gaba.” Ƙwayar makero na iya rayuwa watanni a jikin gutsuren gashi da ya maƙale a haƙoran kilifa, a mataji, a hula, a matashin kai da tabarma. Gilma wuta ba ya isa. Abin da ke aiki shi ne a fara kakkaɓe gashin tas, sannan a jiƙa bakin kilifar da mataji cikin sifirit ko ruwan bilic na 'yan mintoci, wanda ke nufin mai aski na buƙatar baki biyu ko uku yana musanyawa, mai aska kuma sabuwar reza ga kowane kai. Iyayen da ke da hali su saya wa gidansu kilifa, ba ta kai kuɗin jinyar yara uku ba. A nan ne ya kamata a yi adalci ga almajirai, waɗanda ake nuna kawunansu a ce ƙazanta ce. Cunkoso ne da tarayya a kayan kwanciya da aski, kuma ɗan ma'aikacin Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure da ke wanka sau biyu a rana zai ɗauka a rumfa ɗaya da su. Amfanin faɗin haka a aikace yake: in aka yi wa yaro ɗaya magani a tsangaya ko a gida aka bar sauran, zai warke ya sake ɗauka. Ana duba kowa ne lokaci ɗaya, a wanke huluna da zannuwa da ruwan zafi, manyan gidan ma su yi amfani da shamfun na 'yan makonni, domin babba na iya ɗauke da ƙwayar ba tare da wata alama ba.

Ba amosani da makero kaɗai ke sa susar kai ba, ko da yake sauran sun fi sauƙin ganewa. Kwarkwata ana ganin ta, ƙwanta kuma manne yake da silin gashi ba ya karkaɗuwa kamar amosani. Maganinta man fametirin na kashi 1 cikin ɗari ne, a maimaita bayan mako guda, a bi da mataji mai ƙananan haƙora. Zuba fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a kan yarinya kuwa ganganci ne da rai, domin gubar na ratsa fata ta shiga jini. Wadda kanta ya kama ƙaiƙayi da kumburi kwana ɗaya ko biyu bayan rini, musamman baƙin rinin nan da ake haɗawa da lalle, ko bayan man miƙar da gashi, ta san mai laifin, ta bar shi. Mai ɓawo mai kauri da iyaka a fili, wanda ke fitowa har a gwiwa da gwiwar hannu, wata cutar fata ce daban da ke son likita, haka ma ƙurajen ƙeya masu tauri da ke biyo bayan askin da ake kankare wa har fata. Baligin da amosani ya rufe shi farat ɗaya, ya bazu fuska da ƙirji ya ƙi jin magani, ya kamata a duba lafiyarsa gaba ɗaya har da gwajin cuta mai karya garkuwar jiki.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu tsara kasafi: jiha irin Jigawa da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa ina ta ga sararin kula da kan yara, ga shi likitocin fata a Najeriya 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu kuma a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano? Da a ce maganar na buƙatar likitan fata a Gwiwa, da na yarda an rufe ta. Amma Mali, ƙasar Sahel irin tamu wadda ba ta fi mu hali ba, ta gwada wata hanya a farkon shekarun 2000. Likita Antoine Mahé da abokan aikinsa a Bamako sun ba ma'aikatan ƙananan asibitoci kusan 400 horon kwana ɗaya tak kan gane cututtukan fata da suka fi yawa, ciki har da ƙazwa da gyambo da makeron kai. Sakamakon da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2005 ya nuna cewa marasa lafiyar da suka samu ganewa da magani daidai sun tashi daga kashi 42 zuwa 81 cikin ɗari, kuɗin maganin da ake rubuta musu kuma ya ragu da kashi 25. Ragin nan shi ne amsar mai kasafi: rashin sani ne ke da tsada, domin wanda bai gane ciwo ba yakan rubuta magani uku ko huɗu ko ɗaya zai dace. A watan Mayun 2025 ma babban taron hukumar ya amince da ƙudurin ɗaukar cututtukan fata a matsayin abin ba da fifiko a lafiyar al'umma. Jigawa tana da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jahun da ke yaye ma'aikatan lafiya na karkara, tana da hukumar kula da lafiya a matakin farko. Kwana ɗaya na horo ga ma'aikatan Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura ba abin da zai gagare ta ba ne.

Saura tambaya ɗaya, kuma mai kyau ce: in aka yayata cewa maganin sha ne maganin kora, ba za a koma sayen girisiyofulbin a kemis ana ɗura wa yara kamar yadda ake yi da kafso ba? Haɗarin na nan. Magani ne da ake auna shi da nauyin yaro, mai ciki ba ta sha, mai ciwon hanta ba ya sha, kuma duk yaron da idonsa ya yi rawaya ko ƙuraje suka feso masa bayan ya fara, a dakatar a koma asibiti. A doka ma ba ya cikin abin da mai ƙaramin kemis ke da izinin bayarwa. Don haka abin da nake nema daga mai kemis ba shi ne ya zama likita ba, ya san inda aikinsa ya tsaya: babba mai farin gari ya ba shi shamfu ya gaya masa minti biyar ɗin nan, yaro mai fili a ka kuma ya ce wa uwar, “Hajiya, wannan ba na shafawa ba ne, ki kai shi asibitin unguwa a auna shi.” Haka wanzami da makitsiya, waɗanda su ne ke fara ganin kowane kai a garin nan kafin uwa ma ta lura. Wanzamai a tsarin sarautunmu suna da Sarkin Aska, masu shagunan aski da masu kemis suna da ƙungiyoyinsu, alarammomi suna jin kiran fada. In masarautar Kazaure ta tara su yini guda aka nuna musu hotuna huɗu ko biyar, saƙon zai isa inda takardar ma'aikata ba ta zuwa. Nauyin gwamnati shi ne kada uwar ta je asibitin ta tarar babu maganin. Shirin jihar na ba da magani kyauta ya fi karkata ga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, makero kuwa ya fi cin 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu, waɗanda suka wuce wancan layin. Ga su iyaye ke sayen na mako biyu, su ga kai ya yi kyau, su tsaya, cutar ta dawo. A sa maganin cikin kayan ƙananan asibitoci a ƙunshin da ya cika mako shida zuwa takwas, a ba da shi lokaci ɗaya a farashin da talaka zai iya, a ce a dawo da yaro bayan wata guda a duba. Wanda ya kammala bai warke ba, ko wanda kansa ya kumbura da zazzaɓi, ko jaririn da bai kai shekara biyu ba, shi ne za a tura Babban Asibitin Kazaure, in ta kama a wuce da shi Kano a kankari ɓawon a duba a ga wane nau'i ne.